Ambulan Shida da Gwangwani Ɗaya

Shekara goma sha bakwai Akawu ya yi yana lissafa kuɗin mutane a ofishin wani kamfanin sufuri, kuma ko sisi bai taɓa salwanta a hannunsa ba. A gidansa ne kawai kuɗi ke ɓata. Wannan bai taɓa sa ya zargi kansa ba. Mutumin da ya rataye takardar jami'a a bangon falo ba ya zargin kansa, sai dai ya ce tsari ne babu.

Tsarin ya zo ne tare da firij. Sun ɗauko shi bashi a shagon kayan lantarki da ke bakin babban titi, a kan za a biya sau goma sha biyu, dubu goma sha biyar duk ƙarshen wata. A ƙasan takardar yarjejeniyar akwai wani layi da ƙananan baƙi: duk watan da aka saɓa, ko da na ƙarshe ne, mai shago zai zo ya ɗauki kayansa, abin da aka biya a baya kuma ya zama kuɗin haya. Akawu ya karanta layin sau biyu, ya yaba wa wanda ya tsara shi, sannan ya sa hannu.

Firijin ba na ado ba ne. Matarsa ƙanƙara take yi a ciki tana sayar wa masu lemo na ƙofar gida, da kuɗin take toshe ramin cefane daga ashirin ga wata zuwa ranar albashi. In za a faɗi gaskiya, firijin ya fi wasu magidantan benen kawo kuɗi gida, ga shi ba ya faɗa, sai ɗan gurnani.

Ranar da ƙarti huɗu suka hau da shi bene na biyu, maƙwabta na leƙe ta taga, Akawu ya kira taron iyali: shi, matarsa, da yara uku da suka zo da gudu don sun ɗauka wani abu za a raba. Ya jera ambulan shida a kan tebur, kowane da sunansa da manyan baƙi: HAYA, WUTA, RUWA, MAKARANTA, CEFANE, FIRIJ. Albashi na shigowa za a rarraba shi, abin da ya rage ya zama kuɗin aljihun maigida, na mota da ɗan abin da ba a rasa ba.

"Daga yau babu kuɗin da zai tashi daga gurbinsa sai da takarda," in ji shi. "Ko ni ne."

Sai ya fito da doka, wadda ya buga a injin ofis da takardar ofis. Duk wanda ya bar fitila ko fanka a kunne ya fita daga ɗaki, ko ya bar famfo na zuba, ko ya buɗe firij don kallo kawai, za a ci shi tarar ɗari biyu. Wanda ya kunna shi zai kashe da hannunsa, don ya ji a jikinsa, kuma kowace awa laifi ne sabo. Ana karɓar tara nan take, ba sanarwa, ba ɗaukaka ƙara. Ya liƙa dokar a bayan ƙofa, ya miƙa wa matarsa wani tsohon gwangwanin madara, ya naɗa ta ma'aji.

"Har da kai, Baban yara?" ta tambaya.

"Doka ba ta san maigida ba."

Maganar ta yi masa daɗi a baki, har washegari sai da ya maimaita ta a ofis sau uku.

Tun watan farko aljihunsa ya fara ba shi mamaki. Sai ya rataye wando da dubu, ya zo biyan kuɗin mota ya tarar da ɗari takwas. Ya zargi kwandasta, har ya taɓa yi wa wani wankin babban bargo a gaban fasinjoji. Ya zargi aljihun kansa, ya kai wa tela ya ɗinke inda bai yage ba. Daga ƙarshe ya ɗora laifin a kan tsadar rayuwa, wadda ba ta da bakin kare kanta.

Amma dole mutum ya je aiki. Don haka ya buɗe ambulan ɗin RUWA, ya zare dubu ɗaya, ya maye gurbinta da takarda: "Ni, maigida, na ranci dubu ɗaya daga RUWA, zan mayar ranar albashi." Ya sa hannu. Da ya dubi takardar sai ya ga ba ta da kwarjini, ya je aka sassaƙa masa hatimi, ya haɗa da tawada, duka dubu ɗaya. Wannan ma RUWA ne ya ba da rance.

Da takardar kuɗin ruwa ta zo, RUWA ya ranta a wurin WUTA. Da masu wuta suka zo da tsani, WUTA ta ranta a wurin MAKARANTA, wadda ke hutu a lokacin. Da aka koma karatu, MAKARANTA ta durƙusa wa HAYA. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A gidan Akawu har ambulan na da nasa. Duk ranar albashi yakan biya tsohon rance da gaskiya da amana, ya buɗe sabo. Ramin bai taɓa cikewa ba, ƙaura kawai yake yi, yana ƙara faɗi a hanya. A wata na goma sha biyu, mai gidan haya ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama, ya ƙi tafiya. Ramin ya duba hagu, ya duba dama, ya sauka a FIRIJ.

Ranar Asabar da safe, wajen ƙarfe goma, waya ta yi ƙara. Mai shago ne.

"Akawu na kaina! Ya iyali? Ya firijinmu?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Madalla. Yau ne fa na ƙarshe. Sha biyun rana nake rufe littafi. In ba ka samu dama ba kada ka takura kanka, ina da mota, ina da ƙarti, har na samu wanda ya taya."

"Haba, ranka ya daɗe! Kuɗinka tun farkon wata na ware su."

Kuma bai yi ƙarya ba. Ya ware su. Abin da ya biyo baya ne bai faɗa ba.

Ya zauna a tebur ya buɗe ambulan ɗin. Ya san abin da ke ciki, amma mutum kan buɗe tukunyar da ya san babu komai, ko Allah zai sa. Takardu ne goma sha ɗaya, kowace da sa hannu da hatimi. Ya danna kalkuleta: dubu goma sha biyar cif. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, babu kuskure ko ɗaya. Ya hango ƙarti huɗun nan suna saukowa da firijin, maƙwabta na leƙe ta taga ɗaya da wancan karon, biya goma sha ɗaya sun bi ruwa, cefanen ƙarshen wata ya bi bayansu.

Matarsa ta shigo tana goge hannu da gefen zane.

"Ka ƙirga?"

"Na ƙirga."

"Sun cika?"

"A takarda sun cika."

"To, kai masa takardar mana. Ai da hatimi."

Akawu ya gyara zama, ya ɗauko muryar da yake yi wa sababbin ma'aikata bayani. "Ki fahimta, Maman yara, kuɗin ba ɓata suka yi ba. FIRIJ yana bin HAYA. HAYA tana bin MAKARANTA."

"MAKARANTA fa?"

"Tana bin WUTA, WUTA na bin RUWA."

"Shi RUWA wa yake bi?"

Ya ɗan yi tari. "Maigida."

"Maigida fa?"

"Maigida na cikin wani hali."

Ta juya. Ta shiga kicin, ya ji ta ja kujera ta taka, ta dawo ta dire gwangwanin madara a gabansa, da wani ƙaramin littafi. Shi har ga Allah ya manta da gwangwanin nan. Ta ɓalle murfin da cokali. Ƙananan takardun kuɗi ne a dunƙule, an danna su har baki.

Suka ƙirga tare, ya sake ƙirgawa shi kaɗai, don ba ya yarda da lissafin wanda bai yi jami'a ba. Dubu goma sha huɗu da ɗari takwas.

Farin cikinsa bai yi minti ɗaya ba ya rikiɗe ya zama hukuma. "Laifi saba'in da huɗu! A gidana! Kin ga abin da nake faɗa? Kira mini yaran nan."

"Bar yara su yi wasansu. Duba littafi."

Ya buɗe. Shafi na farko nata ne, laifi huɗu. Na biyu na yara, takwas. Daga shafi na uku har bango, sittin da biyu, babu suna a sama.

"Wannan na wane ne?"

"Na wanda doka ba ta sani ba."

Ya bi layi-layi da yatsa. Fitilar banɗaki, Litinin. Fitilar banɗaki, Talata. Fanka, daga safe har ya dawo aiki, an yi masa rangwame an rubuta ɗaya. Buɗe firij don nuna wa baƙo, sau bakwai. Buɗe firij babu baƙo, an tsaya ana murmushi, sau huɗu.

"Ni yaushe na biya wannan?"

"Duk safiya, kana wanka. Wandonka na rataye a ƙusa."

"Ba ki faɗa mini ba!"

"Ba sanarwa. Kai ka buga."

"To, na yaran fa?"

"Albashi suke ɗauka? Uba ke biya wa ɗansa. Nawa huɗun ni na biya, daga kuɗin ƙanƙara. Kuma duk na rubuta maka rasit, suna cikin fayil ɗin da ka rubuta wa TARA."

Fayil ɗin na saman kabad, ƙura ta rufe shi. Bai taɓa buɗewa ba, don ya ɗauka na masu laifi ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Hannunsa ya kai kan kalkuleta da kansa. Nasa da na yara, saba'in sau ɗari biyu, dubu goma sha huɗu. A haɗa da hatimi da tawada, dubu goma sha biyar. Ga raminsa nan, ba ƙari ba ragi. Wata goma sha biyu yana rance daga ambulan yana zubawa a aljihu, ana kwashewa daga aljihu ana zubawa a gwangwani, taku shida daga teburinsa. Ya tuna kwandastan nan da ya ci wa mutunci, ya kau da tunanin.

"Wannan ai sata ce, Maman yara."

"Ba ɗaukaka ƙara, ranka ya daɗe. Saura ɗari biyu. Goma da rabi ta wuce."

Ita ba ta da ko anini, masu lemo sai yamma suke biya. Akawu ya laluba aljihu ya fito da ɗari biyu.

"Alhamdu lillahi! Zuba," in ji ta.

"A'a. Wannan kuɗin mota ne, zuwa da dawowa. Suna da gurbinsu. Sai da takarda." Ya miƙa hannu zai jawo hatimi.

Ta riga shi. Ta ɗauke hatimin da sauran farar takardar, ta buɗe saman firij, ta tura su bayan ƙanƙara, ta rufe, ta jingina da ƙofar.

"Takarda ta ƙare a gidan nan."

"To, kuɗin nan ba za su motsa ba. Ni na kafa tsari. In na karya shi yau, gobe da wane ido zan dubi yara?"

Ta dube shi, ta ga da gaske yake. Mutumin nan zai iya tsayawa a ɗauke firij da ɗari biyunsa a hannu, ya kuma nemi ƙartin su sa masa hannu a takardar fita da kaya. Ta dubi agogo. Ta dubi dokar da ke bayan ƙofa.

"Baban yara, tashi ka kunna fitilar nan."

"Da rana tsaka?"

"Kunna dai."

Ya kunna.

"Yanzu fita."

Ya fita ya tsaya a baranda. Ta biyo shi da gwangwani a buɗe.

"Ka bar fitila a kunne ka fita daga ɗaki. Ɗari biyu."

Akawu ya yi nazari ta kowace fuska, bai ga inda aka saɓa wa tsari ba. Ya zuba. Ta rubuta masa rasit a bayan kwalin ashana, ta juye kuɗin a leda, ta ɗanƙa masa.

A ƙasa ya tafi, rana na dukansa, motoci na wuce shi suna masa ham. Sha biyu saura minti goma ya shiga shagon, riga ta manne masa a baya. Ƙarti huɗu na zaune a bayan mota suna jiran umarni. Mai shago ya zazzage ledar, ya shinshina, warin madara ya buge shi.

"Akawu, asusun yara ka fasa?"

"Kuɗin shiga ne na cikin gida."

Mai shago ya ƙirga sau biyu, da fatan ya samu giɓi, bai samu ba. Ya rubuta rasit kamar mai rubuta takardar ta'aziyya, ya leƙa waje ya ce wa ƙartin su sauko. Sannan ya ce akwai injin wanki sabon shigowa, shi ma biya goma sha biyu. Akawu ya ce ba ya so, amma ya karɓi takardar, don ya ga yadda aka tsara ta.

Ɗaya saura ya hawo bene, ƙafa ta yi nauyi, zuciya wasai. Firij na gurnani a kusurwa, yau dai nasa ne halak malak. Ya ɗaga rasit sama kamar tuta, yana shirin kiran taron iyali. A nan ne ya ga fitilar falo na ci.

"Maman yara! Fitila tun ɗazu? Kina zaune a ƙarƙashinta!"

"Wanda ya kunna shi zai kashe," ta ce, ba ta ko ɗago daga littafinta ba. "Awa biyu. Ɗari huɗu."

"Ba ni da ko sisi."

"Na sani."

"To, bari in rubuta..."

"Hatimi ya daskare. Bar shi sai ranar albashi, na san ƙusar."

Akawu ya dubi dokar da ke bayan ƙofa. Ya dubi agogo, ya ga awa ta uku na ƙaratowa. Ya miƙa hannu da sauri ya kashe fitilar.