Ladanin Gidan Ƙanƙara

Mato yana naɗe tabarmin masallaci sa'ad da katafila ta kifar da bangon gidan ƙanƙara. Ƙura ta turnuƙe, tantabaru suka watse ta kan magudanar ruwan da ta bi ta bayan unguwar Mahjar a Jidda ta nufi teku.

Tun yana saurayi, da ya zo daga Tasawa, yake loda ƙanƙara a motocin masu kifi a nan. Shi da 'yan uwansa leburori suka gina masallacin da ragowar bulo, aka ba shi ladanci saboda muryarsa tana keta ƙarar inji. Da masana'antar ta mutu kowa ya kama gabansa, shi aka bar wa gadi.

Yanzu wani kamfani ya sayi filin. Za a rufe magudanar, a yi benaye da makaranta da wurin wasan yara. Kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ce shi ke nan, ba zai sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba. Matarsa Barakatu kuwa har ta ɗaure kaya, don ba ta taɓa ganin jikokinta da ke gida ba.

Da azahar ta yi, Mato ya hau tulin ɓaraguzai ya yi kiran salla, a ransa na ban kwana ne. Sai injuna suka yi shiru. Ma'aikata suka riƙa fitowa, 'yan Bangaladash da 'yan Yaman, suna karkaɗe ƙura, har sahu ya fita waje. Rabon masallacin da ya cika haka tun masana'antar tana aiki.

Bayan an idar, injiniyan aikin, Othman, ya zo ya durƙusa gabansa. Haifaffen Jidda ne, jikan mahajjatan Katsina, Hausarsa tana ɗingishi.

"Ya ammi, muryarka irin ta kakana ce, wallahi. Masallacin nan ba za mu taɓa shi ba sai an gama babban masallacin sabuwar unguwa. Ka zauna, kamfani ya karɓi iƙamarka."

"In an gama babban fa, ɗana?"

Othman ya sunkuyar da kai. "Hukuma ce za ta kawo nata ladanin."

Mato ya koma ɗakinsu na bakin ƙofa, ya tarar da Barakatu zaune kan akwati. Ya gaya mata komai, bai rage ba.

"Malam, unguwar da za su gina, akwai ɗakinmu a ciki?"

"Babu."

"To me za ka tsaya yi?"

"Mutanen nan ba su da mai kira musu salla."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tashi ta buɗe akwatin, ta tsame rigunansa ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan gado, ta mayar da murfin a kan nata.

"Zan ce wa yara kana tafe," in ji ta.