Gugan da Ya Zama Huhu

A shekarar farin da ta ƙarar da shanun Sabon Birni, kowa na neman abin kai wa baki, shi kuwa Jibrilla baduku yana fama da akwatin busa. Wani Baturen ciniki ne ya bar wa ubansu shi da zai koma Maraɗi, don uban ne ke buga masa zugazugin da ke hura bututun. Ɓera ya cinye fatar tun tuni, akwatin ya zama bebe.

Wansa Atiku ya riga ya yi magana da maƙeran garin Isa, za su saya su narke bututun. Ba mugu ba ne Atiku, 'ya'yansa ne ke kwana da yunwa.

"Ran kasuwa ina zakkuwa da jaki," in ji shi.

"Zaka, Yaya. Amma ba a narke shi bebe. Sai ya yi magana tukuna."

Fata ce ta gagara. Ta dabbar da yunwa ta kashe, kana ja tana tsagewa. Jibrilla ya ɗinka, ta yage, ya sake, ta yage, har ransa ya ɓaci. Sai ya sauko da gugan gidan, fatar zamanin ƙoshi, ya sa wuƙa.

Atiku ya tarar da shi. "Gugan kay yanke? Ka hidda rai da ruwa ke nan?"

"An ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Bana rijiya ta hana, mi guga zai jira?"

Ran kasuwa Atiku ya zo da jaki da igiya. Jibrilla ya buga zugazugi da hannu ɗaya, ya miƙa ɗayan ya danna maɓallin babban bututun. Wata murya mai kauri ta fita, sak kukan saniya, a garin da aka manta da irin wannan kukan.

Sai ga tsohuwa Hajo maƙwabciyarsu, wadda shanunta suka mutu kaf, ta faɗo gidan ba ko sallama tana kiran sunan saniyarta. Ta duba ko'ina, ba ta ga komai ba sai akwati. Jibrilla ya ji kunya da tausayi sun rufe shi, ya saki maɓallin.

Hajo ta zauna a ƙasa, ta share ido. "Wa ya ce ka bari? Ƙara!"

"Inna, iskan ba ya isa sai da mutum biyu."

Ta juya ta kafe Atiku da ido. Ya dubi igiyar hannunsa, ya dubi jakin. Sannan ya yar da igiyar, ya durƙusa inda ubansu ke durƙusawa, ya kama zugazugin.