Makunnin Bayan Ƙofa

Ni ce na zubar da takardun Baba, gwamma in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni. Shekara arba'in yana zana aikin wuyan riga a takarda, yana tarawa a akwatin ƙarfe ƙarƙashin teburin yanka. Da idonsa ya yi rauni na karɓi shagon, na sayo keken surfani mai aiki da kwamfuta, na shafe wata bakwai ina mayar da zanen nan cikinta ɗaya bayan ɗaya, har ɗari biyu da goma sha ɗaya, kowanne da sunan da Baba ya rubuta a bayansa. Sai rufi ya yi yoyo, takardun suka jiƙe suka yi fumfuna. Na ce ai komai yana cikin kwamfuta, na kwashe su na kai bola, har da kakkaɓe hannu. Baba ya ji ƙarar akwatin babu komai a ciki, ya ci gaba da harkarsa.

Bayan shekara guda kwamfutar ta fara yi mini iskanci. Ina cikin aiki sai ta ƙame, ko ta mutu ta tashi da kanta. Kullum da safe in na kunna sai ta fito da wani dogon rubutu, wai tana son ta binciki faifan ajiyarta, in ba ta lokaci. Ni da masu kaya ke tsaye a kaina, ina na ga lokaci? Sai in danna mata ta wuce. Ranar wata Talata na buɗe foldar zanen Baba, na tarar sunayen sun koma wasu tarkacen alamomi da ba a karantawa. Na danna ɗaya, ya ƙi buɗewa. Na danna na biyu, fuskar kwamfutar ta yi shuɗi. Da ta dawo, foldar ma babu ita.

Baba yana zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa yana warware zare, na kasa kallonsa. Mai sayar da waya na gefenmu ya leƙo, ya ce cuta ce ta shige ta, in kawo ya goge komai ya zuba sabo, minti talatin an gama. Har na zare wayoyi na rungumo ta, sai na ci karo da Injiniya a bakin titi. Matar ƙanen mijina ce, gyaran kwamfuta take yi a wani ɗan shago bayan tasha, kuma gaskiya ban taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba, saboda sanyinta yana ba ni haushi. Ta tambaye ni ina za ni da kaya haka, na faɗa mata. Ta sa hannu ta karɓe kwamfutar daga ƙirjina ba tare da ta nemi izini ba.

"Yaya, in aka goge ta yau, zanen Baba ya tafi ke nan har abada. Kada kowa ya sake kunna ta sai ni."

A shagonta ta kwance murfin, ta ciro faifan, wani ɗan abu kamar sabulun wanka, ta jona shi da tata kwamfutar. Na zaci gyara za ta fara, ashe kwafarsa take yi gaba ɗaya zuwa wani faifan, da mai kyau da marar kyau. Awa uku muna kallon layi yana rarrafe. Na yi tsaki ya fi a ƙirga, na ce mata ni gyara na zo, ban zo kallo ba. Ta ce gyaran yakan yanke abin da bai gane ba ya watsar, don haka a kan kwafin za ta yi, in ya ɓaci ta sake wani, na asalin yana nan ba a taɓa shi ba. Ta miƙo mini ruwa, ta ce in zauna kafin in fasa mata kujera da zirga-zirga.

Da aka gama ta fara auna lafiyar faifan kansa, ta ce ƙalau yake, bai tsufa ba, bai fashe ba, kuma babu wata cuta. Abin da ya lalace shi ne jerin da kwamfuta ke rubuta sunan kowane fayil da inda ta ajiye shi. Ta kwatanta mini da shagona: yadi yana nan a kan kanta, amma an yage takardar da ke faɗin na wane ne. Na tambaye ta me ke yage ta. Ta ce yawanci ɗauke wuta ne a daidai lokacin da kwamfutar ke rubutu, kuma binciken safen nan da nake hana ta, ƙoƙarin ɗinke ɓarakar take yi tun tana ƙarama. Wannan kam laifina ne.

Sai ta buɗe inda kwamfutar ke rubuta abin da ya same ta kowace rana, ta daɗe tana dubawa, ta juyo mini da fuskar. Wata uku ke nan wuta tana yanke mata farat ɗaya, kuma kullum tsakanin shida saura biyar da ƙarfe shida, ban da Lahadi. Ta ce ita dai ba ta san kamfanin wutar da ke hutun Lahadi ba. Ta tambaye ni wa ke rufe shago.

Nan take na gane. Wata uku da suka wuce aka sauya wa yara lokacin tashi daga darasin yamma, na koma barin shago biyar da rabi in ɗauko su, in bar kwamfutar tana adana aikin ranar, da niyyar in dawo in kashe, ban kuwa taɓa dawowa ba. Fuskarta takan yi baƙi da kanta in an jima. Baba ke rufewa, Lahadi kuwa ba ma buɗe shago. Shi kuwa tun yana ɗan koyo aka manta dutsen guga a kunne a shagon maigidansa, rabin shagon ya ƙone, tun daga ranar ba ya barin ɗaki sai ya kashe babban makunnin bayan ƙofa. Ko gidan mutane ya je, hannunsa laluben bango yake yi.

Raina ya ɓaci, na miƙe ina cewa yau sai na faɗa wa tsohon nan magana. Injiniya ta riƙo mayafina.

"Kin taɓa gaya masa tana aiki ko da fuskarta ta yi baƙi?"

Ban taɓa ba. Na koma na zauna, kunya ta rufe ni.

Washegari da hantsi ta zo shagonmu da kwamfutar. Ta yi gyaran a kan kwafin har sau uku, na ukun ya fi kyau. Zanen sun dawo, ɗari biyu da goma sha ɗaya cif, amma babu suna ko ɗaya, sai lambobi. Na buɗe su ina gani a fuskar kwamfuta, wajen talatin na gane, waɗanda aka fi nema. Sauran kuwa ni kwafar sunan kawai na yi daga takarda, ban riƙe ba. Injiniya da kanta ta durƙusa gaban Baba ta yi masa bayani, ta faɗi batun makunnin a tsakiyar magana, a hankali, ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Baba ya daɗe yana murza zaren hannunsa.

"Ashe ni nake kashe su," in ji shi.

Na ce a'a Baba, ni ce ban faɗa maka ba, kuma ni ce na zubar da takardun. Ban taɓa furta wannan a gabansa ba sai ranar. Ya ce ya sani, ya ji ƙarar akwatin. Sai ya ce tunda ba ya ganin fuskar kwamfuta, in ɗinka masa su a ƙyalle ya taɓa.

Kwana tara muka yi. In ɗaura ƙyalle, keke ya yi ta sukar allura, in cire in miƙa masa, ya bi da ɗan yatsa. Wani kafin ya kai tsakiya ya faɗi sunan. Wannan Ƙafar Tsuntsu, wannan Na Direba, don wani direba ne ya fara sa shi, ga tsawo ga rowa. Wannan Kuskure, hannunsa ne ya goce a kwana, mutane suka fi son shi a haka. Ashe kowane suna da labarinsa, ni kuwa wata bakwai na yi ina buga su kamar lambar mota. Injiniya takan biyo da rana ta ga inda muka kai, ta ƙara da tsokanata cewa yanzu na iya zama wuri ɗaya.

A rana ta tara aka zo kan na ƙarshe. Keke ya ɗinka rabi ya tsaya cak. Na sake, ya tsaya a wuri guda. Injiniya ta duba a duk kwafin uku da na asalin, ta ce kwamfutar ta rubuta wani abu a kan ragowar, wannan kam ya fi ƙarfinta. Ta ba Baba haƙuri kamar ita ta ɓata shi.

Baba ya bi rabin da yatsa, ya koma farko ya sake bi. Ya ce sunansa Jiran Asibiti. A barandar asibiti ya zana shi, a bayan takardar magani, ranar da aka shiga da mahaifiyata ɗakin haihuwa aka bar shi a kan benci tun safe har la'asar. Ni aka haifa. Ita yanzu shekara shida da rasuwa.

Na fara kuka, ya ce in bar shirme in ɗauko alli. Ya kama hannuna da allin a ciki, ya ɗora a inda zaren ya tsaya, ya ja ni. Muka zagaya, muka sauko, layin ya je ya haɗu da inda ya faro. Na mayar da shi kwamfuta a ranar, na kuma zana shi a takarda na sa a akwatin ƙarfe.

Injiniya ta saka mana ɗan akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in wuta ta yanke, ta ba ni faifai na biyu, ta ce duk Asabar in kwafe komai in kai gida. Ta hana ni danna wuce in kwamfutar ta nemi bincike. Na gode wa yarinyar nan har na rasa bakin godiya, kuma na faɗa mata a gaban mijinta cewa na raina ta a da, ta yafe mini. Rigar farko da aka yi wa Jiran Asibiti cikakke, Baba ya ce tata ce.

Makunnin yana nan, Baba bai daina ba, ni ma ban so ya daina ba. Yanzu mijina ke ɗauko yara, ni ina shago har shida. In lokaci ya yi sai in ji ya taso yana lalube, ya ɗora hannu a bayan ƙofa, ya tsaya.

"Uwata, ta gama?"

In ce saura kaɗan, Baba. Ya jira.