Mai Gangar Jan Kwano

"Ba zan bar yarinyar nan in tafi kallon kiɗa ba, Bah," na ce. Ina tsaye a ƙofar ɗakinsa da kwanon miya a hannu, Meba tana goye a bayana.

"Wa ya ce kallo? Aike ne, Maman Meba. Ajiye miyar nan ki zauna."

Maƙwabcina, Bah Kitbok, yana kwance, ƙafafunsa a kumbure bisa matashi biyu. Sati uku ke nan da asibiti suka sallame shi, suka ce ƙodar ta gama aikinta, gara ya koma gida. Yayarsa, Kong Rilin, ta taso daga Mawlai ta tare a wurinsa tana jinya.

Bangon katako ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da namu, kuma ta bangon nan na san shi. Da ya dawo daga maɗaba'ar da yake aiki, sai kiɗan rok, irin wanda ko a nan Shillong ba ka cika jin sa a rediyo ba. Kaset da faifai sun cinye masa bango biyu, amma ƙungiyar makaɗa ɗaya ce a ransa, Jan Kwano. Wanda bai san shi ba zai ɗauka ƙinsu yake yi. Faifansu na farko, in ji shi, a gareji aka ɗauka, har ruwan sama ana ji a ciki, kuma rabin waƙoƙin shirme ne. Na biyu shi ne gaskiya. Na uku kuwa sun tafi Mumbai an wanke su an goge kamar tangaran, bai yafe musu ba har yau.

Meba a wata bakwai na haife ta, ta yi kwana ashirin a kwalba. Ranar da muka dawo da ita gida ya kunna kiɗansa, na ɗauki ludayi na daki bangon har ludayin ya lanƙwashe. Washegari ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da takarda da biro, ya ce in faɗa masa lokutan barcinta. Ya manna takardar a saman rediyonsa, bai taɓa saɓawa ba. Yanzu watanta goma sha ɗaya, ban taɓa barin ta ko na awa ɗaya ba. Babanta direban babbar mota ne, yana kan hanyar Guwahati kusan kullum.

"Shekara tara Jan Kwano ba su hau dandamali ba," in ji Bah. "Asabar za su yi wasa a filin ƙwallon makarantar can ƙasa, ƙarfe huɗu. An ce min kafaɗar Aibor mai ganga ta lalace. Wai yanzu kwamfuta ce take kiɗan, shi yana ɗaga sanduna kawai."

"To in haka ne fa?"

"In haka ne ina so in sani kafin in tafi. Shekara ashirin da shida ina faɗa da mutane a kan yaron nan."

"Ka aiki abokanka mana. Ko su kira ka a waya ka ji da kunnenka."

"Ba a jin wasa ta waya. Abokaina kuma tausayina suke ji, ƙarya za su yi min. Ke kuwa ba kya son Jan Kwano, ni ma ba wani so na kike yi ba."

Kong Rilin ta leƙo daga kicin. "Mutum yana kwance a wannan hali, maimakon ya ce a kira masa fasto, zancen ganga yake."

"Fasto ya zo jiya, Kong, kuma ya sha min shayi. Miƙo min kaset ɗin nan mai jan rubutu."

Shi ya naɗi kaset ɗin da kansa a wani wasan Jan Kwano, tun ina makarantar firamare. Ya ce in sa tafina a gwiwa in fara bugawa tare da gangar, in riƙe bugun yadda yake, kada in bi kowa. Waƙar na san ta, na ji ta ta bango ya fi sau ɗari. Muka wuce baitin farko lafiya. Ana shiga amshi na biyu sai na ji gangar ta tsere wa hannuna, kamar yaron da ya hango ƙofar gida.

"Kin ji? A nan Aibor yake sauri. Kullum a nan. Na faɗa masa a ido, sau biyu. Kwamfuta ba ta san zumuɗi ba. In hannunki da gangar suka tafi tare har ƙarshe, to ba shi ba ne."

Na ce masa zan yi tunani. Kwana biyu ina lissafa abin da zai iya faruwa a awa biyu: ta shaƙe, ta faɗo daga gado, ta kai hannu ga magungunansa. Ran Juma'a na ji Kong Rilin tana ɗaga shi zai sha ruwa, na ji yadda numfashinsa ya koma. Da yamma na shiga na ce zan je.

Na rubuta wa Kong Rilin komai a takarda. Na kwashe magungunan na ɗora a saman kabad da hannuna.

"'Ya'ya biyar na raina, Phiba," ta ce, "babu wanda ya zo da takarda."

Filin duk laka ne. Mutanen ba su kai ɗari biyu ba, yawancinsu maza masu furfura cikin baƙaƙen riguna da suka yi musu kaɗan, wasu da lema, wasu da jikoki a kafaɗa. Na tsaya nesa da lasifika, wayata a hannu. Da suka fito, abin da na fara gani shi ne kwamfuta a buɗe a kan kujera, dab da ganguna. Aibor ya yi ƙiba, ya zauna a hankali kamar mai ciwon baya.

Mawaƙin kuwa muryarsa ta tafi. In waƙa ta hau sama sai ya miƙa wa mutane makirfo su ƙarasa masa. Waƙa ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ruwa ya soma yayyafi, rigata ta jiƙe ta ciki saboda lokacin shan Meba ya yi. Na duba waya sau nawa ban sani ba. A zuciyata na fara shirya abin da zan faɗa wa Bah in abin ya zama yadda ake faɗi, na rasa.

Ta biyar ita ce waƙar. Babu wurin zama, sai na sa tafina a cinya ina bugawa a tsaye, wani dattijo a gefena yana kallona. Baitin farko muka tafi tare daidai. Amshin farko ma haka. Na rufe ido. Ana shiga amshi na biyu gangar ta bar ni a baya. Na buɗe ido na ga mai jita ya juyo yana hararar Aibor, mawaƙin yana haɗiye kalmomi don ya kamo shi, shi kuma kansa a ƙasa, sai duka yake. Dattijon nan ya girgiza kai ya ce, "Ya sake."

Ban jira ta shida ba. Na fita na tari tasi.

Na tarar da Meba zaune a ƙarshen gadon Bah tana tsotsar gidan kaset, Kong Rilin ta tare ta da hannu ɗaya. Na fizge shi, na duba bakinta, na duba goshinta, sannan na zauna na juya baya na ba ta nono. Sai da ta kama sannan Bah ya tambaya.

"Yaya?"

"Sun yi ƙoƙari sosai. Mutane sun ji daɗi."

"Wannan maganar likitoci ce, na ƙoshi da ita. Yaya?"

Sai na faɗa masa. Na ce muryar mawaƙin ta mutu, mutane ne suke yi masa rabin aikin. Na ce filin bai cika ko kwata ba. Na ce akwai kwamfuta a dandamali, kuma ina jin wasu ƙararrakin daga cikinta suke fitowa, don ban ga mai kaɗa su ba. Ya rufe ido, hannunsa ya damƙi bargo.

"Amma a amshi na biyu ya tsere min. Har mai jita ya harare shi."

"Kin tabbata ba ke kika yi nawa ba?"

"Bah, shekara uku kana koya min waƙar nan ba da son raina ba."

Ya fara dariya, dariyar ta zama tari, Kong Rilin ta tallabo shi tana faɗa. Da ya lafa sai hawaye suna bin gefen fuskarsa zuwa kunne.

"Jaki," ya ce a hankali. "Shekara ashirin da shida bai koya ba." Ya ɗan huta. "Da me suka rufe?"

"Ban sani ba. Bayan ta biyar na taho."

"Kin fita ana tsakiyar wasa?" Ya juya ga yayarsa. "Kong, kin ga irin maƙwabtan da Allah ya haɗa ni da su."

"Ka gode mata dai."

"Na gode, Maman Meba. Yanzu fara min daga farko. Wace riga Aibor ya sa?"

Na fara daga lakar bakin ƙofa. Yana tsayar da ni yana gyara min sunayen waƙoƙi, yana cewa ta uku ba ta cancanci a buga ta ba tun asali. Kafin in kai ta huɗu barci ya ɗauke shi.

Ran Talata da hantsi ya cika, Kong Rilin tana riƙe da hannunsa. Aka buɗe ƙofofi duka, mazan unguwa suka jera kujeru a tsakar gida, mata suka ɗora tukunyar jan shayi. Abokansa masu baƙaƙen riguna suka zo suka zauna a gefe ɗaya, suna rera waƙoƙin coci da muryoyin da ba su saba da su ba.

Ni aka bar wa wankin kofuna a bayan gida, Meba tana barci a bayana. Da na naɗe hannun riga sai na ga tambarin da suka buga min a wuyan hannu a ƙofar filin bai gama fita ba, saura ɗan shuɗi-shuɗi. Na tura hannun rigar sama kaɗan, na riƙa kama kofunan ta baki don kada kumfa ta kai wurin.