Shatar Zane a Hannun Inno

"Ni zan zuba ruwan," in ji Zahra'u, ta warce butar tun mai wankan gawa ba ta buɗe baki ba.

Ba neman lada ya kawo ta ba, Allah na gani. So take ta duba jikin Inno, tsohuwar maƙwabciyarsu, da idonta.

Tun da ta karanta wani littafi a wayarta, na tsohuwar da matar ɗanta ta kulle da yunwa har ta mutu, zuciyarta ba ta koma daidai ba. Ta yi kuka kamar uwarta aka kashe. Ga kuma Kellu, matar ɗan Inno, kullum ƙofa da kwaɗo, kullum ana jin tsohuwa ta bayan katanga tana roƙo: "Ki sake ni, Kellu, ki sake ni!" Zahra'u ta raɗa wa mace ɗaya. Kafin Juma'a rabin matan unguwar Kara-Kara sun daina amsa gaisuwar Kellu.

Aka yaye mayafi. Jiki tsaf, ba gyambon kwanciya, ga sabon kitso, ga lalle a ƙafa. Zahra'u ta ce a ranta, makirci ne, an gyara ta don idon mutane. Sai ga shi a wuyan hannun hagu, shatar ɗauri, baƙa ƙirin. To fa! Ba ta faɗa ba?

Daidai nan Kellu ta miƙo sabulu, hannun rigarta ya zame. Irin shatar nan ce a wuyan hannunta na dama.

"Ke kuma me ya same ki?" Zahra'u ta tambaye ta.

"Gefen zanena ne," Kellu ta ce a hankali. "Tun da hankalinta ya gushe take fita, wai garinsu Tirmini za ta, mahaifiyarta na jiran ta. Sau ɗaya mota ta kusa take ta. Shi ne nake ɗaure mu tare."

Kunya ta rufe Zahra'u. "Wallahi sai na gaya musu..."

"Kul!" mai wankan ta katse ta. "Abin da aka gani a nan ba ya fita ɗakin nan. Zuba ruwa."

Wajen zaman makoki mata suka cika tabarmi, suka bar ta Kellu fayau. Zahra'u ta tsallake su, ta zauna a gefenta. Wayarta ta yi ƙara, sabon babi ya shigo, ta kifa ta a ƙasa. Kellu dai shafa wuyan hannunta take yi, tana kallon ƙofar da yau aka bari a buɗe.