In Kun Ga Ciyawa, Ku Dira

Hadijatu mai tuyar waina a unguwar Utaibiyya ta ishi kowa da labarin ranar da ta shigo ƙasa mai tsarki ta ɓarauniyar hanya, har yaran unguwa sun haddace shi. Masu jirgin ruwa ba sa matsowa gaɓar Lit, tsoron askarawa, sai su ce kowa ya sauka. Ita kuwa ta leƙa, ta ga ciyawa kore shar a ƙarƙashin ruwa, ta ce ai inda ciyawa ta tsiro ƙafa na taɓa ƙasa, kamar fadamar garinsu. Ta dira, ruwa iya ƙirji. Shi ya sa da ta ji ƙanwarta Rumasa'u ta iso Sawakin, tashar jirgi a wancan ƙetaren teku, da mijinta Tijjani da 'yarsu, ta ba wani alhaji mai komawa ta can saƙon baki: "In kun ga ciyawa, ku dira."

Ranan Wada mai kawo busasshen kifi daga Lit ya tsaya cin waina yana mita.

"Bana ba kifi, Hajja. Ambaliya ta kwaso laka daga duwatsu ta binne ciyawar bakin gaɓa, ta ruɓe, sai ɗoyi. A cikinta fa 'ya'yan kifi ke girma."

"Duka ta mutu?"

"Saura ta can ciki. Ruwan wajen garau, ki ce hannu za ki miƙa ki tsinko ta, alhali tsayin mutum uku ne."

Innalillahi! Waina ta ƙone a tanda, Hadijatu ba ta sani ba. Rumasa'u da Tijjani mutanen tudu ne, ba wanda ya iya iyo. Saƙo ya riga ya ƙetare, wa zai kamo shi?

Ta daina tuya. Kullum tana bakin hanyar da baƙi ke shigowa, tana tare duk mai busasshiyar ƙafa: "Don Allah, ta Lit kuka biyo?" Ta yi ɗawafi har ƙafafunta suka kumbura, tsoro bai sake ta ba.

Wata rana da hantsi ta hango Rumasa'u, duk ta rame, goye da yarinya. Ta ruga ta ƙanƙame ta, ga kuka ga dariya, tana leƙen bayanta.

"Ina Tijjani? Ko ya tsaya shan ruwa?"

Rumasa'u ta kwance goyon a hankali.

"Mun ga ciyawar, Yaya, yadda kika ce. Sai ya ce bari ya fara sauka, in miƙo masa yarinya."