Ranar da Ba a Ji Gatarin Illo Ba

Sallar layya ta biyu bayan samun 'yanci, Isufu ya sauko daga kamyon, babbar motar gyaɗa, a Mayahi da dogon akwati a kafaɗa, ya ɗauki hayar jaki har ƙauyensu kusa da Attantane. Awon gyaɗa yake wa wani kamfani a Maradi, ya yi ƙiba, ya sayi agogo, kuma ba ya gama magana sai ya jefa Faransanci ciki. Akwatin na wansa Illo ne, masassaƙin da duk turmin ƙauyen daga hannunsa ya fito.

A gaban 'yan barka da Sallah ya buɗe shi, don Isufu ba ya kyauta a ɓoye. Ga guduma, ga ƙusoshi ƙunshi guda, ga abin goge katako, a ƙasa kuma wani zarto mai mariƙi biyu, tsawonsa ya kusa tsawon mutum.

"Kado ne, Yaya," in ji Isufu, wato tsaraba da Faransanci. "Itaccen da kaka kwana biyu kana sara, wannan kahin azahar ya kada shi. Ƙasa ta ci gaba, kai ma ka bar wahala."

Illo ya shafa haƙoran zarton da babban yatsa, ya yi godiya yadda ya kamata. A ransa kuwa yana cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, amma ba a faɗa wa ƙane haka ranar Sallah, gaban mutane. Matarsa Zuhura, da tsohon cikinta, ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ɗan birni, ni ina nawa kadon? Ko ƙarhe za ni ɗaura?" Aka yi dariya, Isufu ya miƙa mata turmin atamfa.

Akwai wata busasshiyar kirya a gefen gonar Illo, dab da hanyar da mata ke bi su kai fura gonaki. Ya daɗe yana kallonta, turmi huɗu yake gani a jikinta. Isufu zai koma Maradi jibi, ya nace sai an gwada zarton yana nan, shi ke nan washegari da hantsi suka tafi. Illo ya rataya gatarinsa a kafaɗa don sabo kawai, ƙanen yana ta yi masa tsiya.

To, ga abin da ba wanda ya tuna a cikinsu. A ƙauyen nan ba a taɓa yin shela don za a kada itace ba. Gatari shi ne shela. Kirya itace ne mai tauri, in ana saranta har bakin rijiya ake ji, sai mata su ce Illo na sara, kowa ya bar wannan hanya ya zagaya ta kwari har sai an ji faɗuwa. Ba wanda ya kafa dokar, ba ma wanda ya san doka ce. Haka aka tashi aka tarar tun zamanin uban Illo.

Zarto kuwa ba ya magana. Shuu, shuu, shi ke nan, ko mai noma a gona ta gaba ba zai ji ba.

Gaskiya zarton ya ci itace. Illo na ja, Isufu na ja, gari ja-ja-wur na zuba a ƙafafunsu. Illo ya so ya fara sare baki da gatari ta gefen gona, don itacen ya san inda zai kwanta, Isufu ya ce ɓata lokaci ne, a Maradi ba a haka. Ƙarya yake, bai taɓa ganin an kada itace a Maradi ba, yankan katako kawai ya gani. Illo kuma daɗin saurin ya ɗauke shi, ya yi shiru. Wannan shirun ya fi ƙaryar muni, don shi ya sani.

Sun ci fiye da rabin gindin sai iska ta juya. Hadarin farko na shekara ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Kiryar ta yi wani ƙara daga ciki, ta zauna a kan zarton ta matse shi. Suka ja, ko motsi.

Illo ya ɗaga kai ya dubi rassan. Kiryar ba gona take kallo ba, hanya take kallo.

"Kawo gwahwa!" ya ce.

Suka jawo wata doguwar gwafa daga shingen gona suka tokare gindin, Illo ya sa kafaɗa. Duk bugun iska sai ya ji nauyin itacen ya sauko masa har gwiwa. Yana cikin tunanin yadda za su karkatar da ita, Isufu ya ce da wata siririyar murya, "Yaya. Dubi hanya."

Zuhura ce, ƙwaryar fura a ka, sanye da sabuwar atamfar da ta ɗaura ko ɗinki ba a yi ba. Tana tahowa a hankali irin tafiyar mai ciki, hannu ɗaya a ƙugu. Hanyar za ta biyo da ita daidai inda rassan za su sauka.

"Zuhura! Koma! Koma baya!"

Iska ta kwashe maganar ta yi yamma da ita, sunanta kawai ya isa kunnenta. Ta ga maza biyu suna ɗaga hannu, ga hadari a sama, ta ɗauka yunwa ce ta ishe su suna cewa ta yi sauri. Ta ɗaga musu hannu ita ma, ta ƙara sauri.

Isufu ya zabura zai ruga wurinta. Illo ya daka masa tsawa, don duk wanda ya bi nan ƙarƙashin itacen zai bi, kuma ba zai kai ba. Isufu ya tsaya yana ihu da Hausa da Faransanci, ita kuwa tana ta matsowa. Har an fara ganin faifan da ta rufe ƙwaryar da shi.

Idon Illo ya faɗa kan gatarin da ke yashe a ƙasa. Babu wani busasshen itace kusa da zai yi ƙara, sai kiryar kanta. In ya sare ta, abin da ya rage yana riƙe da ita zai iya tsinkewa nan take. In Zuhura ba ta tsaya ba, to da hannunsa ya kada mata. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Riƙe nan," ya ce wa Isufu. "Ko ƙashinka zai karye kada ka saki."

Isufu ya sa kafaɗarsa da ba ta saba ɗaukar komai ba. Illo ya ɗaga gatari, ya yi bisimilla, ya sauke a saman yankan.

Kau!

Ya sake. Kau! Kau!

Zuhura ta tsaya cak. Ba ta tsaya tunani ba, ƙafafunta ne suka san wannan ƙara tun tana yarinya. Ta juya ta sauka daga hanya ta nufi kwari, kamar yadda kowace mace a ƙauyen za ta yi.

Gindin ya tsage. Gwafar ta karye ta jefar da Isufu gefe, kiryar ta tafi gaba ɗaya ta kwanta a kan hanya, ƙasa ta girgiza. Wani reshe ya tsinke ya yi tsalle ya faɗi inda sawunta na ƙarshe yake. Zarton ya fito daga gindin a lanƙwashe kamar lauje.

Illo bai san lokacin da ya tsallake rassan ba. Ya same ta zaune cikin sabara, furar ta zube rabi a kan atamfar, hannayenta biyu a kan cikinta. Ya durƙusa gabanta. Isufu ya iso yana dafe da kafaɗa, yana kuka a fili ba kunya.

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, numfashinta na sama-sama. Ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi.

"Tun hantsi nike saurare, Maigida," ta ce. "Ban ji gatari ba. Na ce ba su hwara ba, bari in kai musu hura tun hanya na da kyau."

Ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo. Illo ya ɗaga ta a hankali ya riƙe ta, suka kama hanyar gida ta kwari. Isufu ya tsaya ya dubi zarton, ya dubi gatarin, sannan ya sunkuya ya ɗauki gatarin ya bi bayansu.